Yadda ake amfani da maganin ɗigawa na hawan jinin ido ba tare da an cutu ba

Duk wanda likita ya rubuta wa maganin ɗigawa saboda hawan jinin ido, ya sa a ransa cewa tafiya ce mai tsawo. Yawanci har ƙarshen rayuwa ake yi, sai fa in an yi wa idon aiki. Maganin ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi, ba ya kuma sa mutum ya ji wani sauƙi, tunda dama cutar, a irin da ta fi yawa a ƙasarmu, ba ta zuwa da ciwo. Aikinsa shi ne rage matsin ruwan da ke cikin ido don jijiyar gani ta daina lalacewa.

Ruwan da ake magana ba hawaye ba ne, ba kuma jini ba. Wani ruwa ne garai-garai da ido yake samarwa a cikinsa dare da rana, yana fita ta wata 'yar matata da ke kewaye da baƙin ido. In matatar ta cushe, kamar kwatar da shara ta toshe, ruwa na shigowa ba ya fita yadda ya kamata, sai matsi ya hau. A yawancin masu lafiyar ido, awon yana tsakanin 10 da 21. Tunda ruwan ba jini ba ne, ƙwayar hawan jini da mutum yake sha ba ta tsaya a madadin maganin ɗigawa, ana kuma samun mai lafiyayyen jini da idonsa yake kan 35. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama suna da cutar, kuma ita ce ta biyu wajen makantar da mutane, bayan yanar ido. Bambancinsu, yana ana cire ta gani ya dawo. Wannan kuwa abin da ta ci ya tafi.

Abin da za ka faɗa wa likita kafin ɗigon farko

A kusurwar ido ta wajen hanci akwai 'yan kafofi biyu ƙanana, ɗaya a fatar sama ɗaya a ta ƙasa, waɗanda suke zurarar da hawaye zuwa cikin hanci. Shi ya sa mai kuka yake jan majina. Maganin da aka ɗiga ma nan yake bi, kuma mafi yawansa yana iya tafiya ta can in ba a tare shi ba. Daga fatar cikin hanci sai ya shige jini kai tsaye, bai bi ta hanta ba balle ta rage masa ƙarfi. Ke nan ɗigo ɗaya a ido yana iya isa zuciya da huhu. Wannan ne dalilin tambayoyin da likitan ido yake yi waɗanda mutum yake ganin ba su shafi ido ba.

Cikin magungunan ɗigawar, timolol, mai ƙarfin 0.5%, shi aka fi rubutawa a asibitocinmu saboda araha da sauƙin samu, kuma shi ya fi buƙatar a kiyaye. Yana tsuke hanyoyin numfashi, yana rage gudun zuciya. Mai asma, ko wanda ya taɓa yin ta ko da yana yaro, da mai tsohon ciwon huhu irin na masu shan taba, bai kamata su yi amfani da shi ba. An sha samun mai asma da numfashinsa ya sarƙe bayan 'yan ɗigo kaɗan, har da waɗanda suka rasa ransu. Haka wanda zuciyarsa take bugawa a hankali, ko mai ciwon zuciyar da ke kumbura ƙafa yana hana kwanciya rigingine. Wanda yake shan maganin hawan jini ko na zuciya irin atenolol, propranolol, verapamil, diltiazem ko digoxin, ya kai kwalayen gaban likita ya gani da idonsa, domin suna haɗuwa da timolol su ƙara sassauta zuciya. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwayoyi masu saukar da suga da ƙarfi, ya sani timolol yana iya ɓoye faɗuwar gaba da rawar jiki da suke sanar da shi suga ta yi ƙasa. Zufa ita ce alamar da yawanci ba ya ɓoyewa.

Dorzolamide da brinzolamide, waɗanda su ma na ɗigawa ne, dangin salfa ne. Wanda Septrin ko Fansidar ya taɓa fesa masa ƙuraje, musamman in har baki da ido suka kwaile, dole ya faɗa. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ma haka. Akwai ɗan'uwansu na haɗiya, acetazolamide, wanda aka fi sani da Diamox, da ake bayarwa na 'yan kwanaki in matsi ya yi yawa ƙwarai. Mai sikila ya faɗi cewa yana da ita tun kafin a tambaye shi, domin wannan ƙwayar tana iya tayar masa da ciwo.

Brimonidine ba a ɗiga wa jariri ko yaron da bai kai shekara 2 ba, don yana iya sa shi barcin da ba a iya tashinsa, numfashi ya yi rauni. Ko yaran da suka ɗara haka, likitoci suna ɗari-ɗari da shi. Babba da yake shan maganin damuwa irin amitriptyline ya sanar.

Mai ciki, mai neman ciki da mai shayarwa, kowacce ta faɗa da bakinta. Latanoprost da 'yan'uwansa travoprost da bimatoprost akan guje musu lokacin ciki, timolol yana fita a ruwan nono, brimonidine kuma akan dakatar da shi in haihuwa ta matso da lokacin shayarwa. Ba a ce ta daina magani da kanta ba. Likita ne zai canza, ko ya yi shawarar aikin lesa, wato aikin da ake yi wa ido da hasken na'ura don sauke matsi.

Ɗigawar kanta

Nan ne aka fi yin asara, kuma ba kasafai ake samun wanda zai zauna ya koya wa mutum ba a ranar da layi ya yi tsawo.

Ka wanke hannu da sabulu ka tsane shi. In akwai kwantsa, a goge ta tukuna da auduga mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce. Ɗauki kwalbar ka tabbata ita ce. Wannan ba maganar wasa ba ce: robar gam mai kama nan take, da maganin ɗigawa na kunne, da na ido, kusan girmansu ɗaya, kuma mai raunin gani da yake lalube cikin duhu ba zai bambance su ba. Gam ba ya kwana inda maganin ido yake. In maganin mai kauri ne fari kamar madara, irin brinzolamide, a girgiza shi sosai, in ba haka ba ruwa-ruwan kawai za a ɗiga a farkon wata, kaurin ya taru a ƙarshe.

Buɗe murfin ka kwantar da shi ta gefensa a wuri mai tsabta. Zauna ka jingina kai baya ka kalli rufin ɗaki, ko kuma ka kwanta rigingine, wanda ya fi sauƙi ga dattawa. Da yatsa manuniya na hannu ɗaya, ka ja fatar ido ta ƙasa a hankali har ta yi ɗan aljihu. Ɗaya hannun ya riƙe kwalbar bakinta ƙasa, ka ɗora shi a bayan hannun da ke jan fatar, ko a kan goshi, don kada ya yi rawa. Tsakanin bakin kwalba da ido a bar kamar faɗin yatsu biyu. Kalli sama, ka matsa a hankali, ɗigo ɗaya ya faɗa cikin aljihun nan, ba a kan baƙin ido ba. In ya faɗa a kan baƙin ido, ƙiftawa za ka yi da ƙarfi ka kore shi waje.

Bakin kwalbar kada ya taɓa komai: ido, gashin ido, yatsa, ko mayafi. In ya taɓa gashin ido, yana kwasar ƙwayoyin cuta ya mayar cikin kwalbar, su yi ta haihuwa a ciki har wata guda kana ɗiga su. In ya caki ƙwayar ido kuwa yana iya ƙuje ta.

Ɗigo ɗaya ya isa. Ido ba ya iya riƙe ko ɗigon nan guda gaba ɗaya, shi ya sa ake ganin wani abu ya gangaro kumatu, kuma hakan ba ya nufin bai shiga ba. Na biyu ba ya ƙara ƙarfin aiki. Kuɗi yake ci, yana kuma ƙara abin da ke tafiya hanci. Ana ƙara wani ne kawai in an tabbata na farkon a kumatu ko a fatar ido ya sauka.

Sai matakin da ya fi kowanne amfani, wanda kuma aka fi tsallakewa. Da zarar ɗigon ya shiga, rufe idon a hankali kamar mai barci, ba runtsewa da ƙarfi ba, ba kuma ƙifce-ƙifce. Ɗora kan yatsa a kusurwar ido ta ciki, inda ido ya haɗu da karan hanci, ka danna a hankali ta wajen ƙashin hanci, ba kan ƙwayar ido ba. Riƙe haka minti 2 cur, a duba agogo, domin abin da mutum yake zaton minti 2 ne sau da yawa bai wuce daƙiƙa 20 ba. Wannan dannawar tana toshe hanyar hanci, sai maganin ya daɗe a ido ya ratsa ciki, wanda ke zuwa jini kuma ya ragu sosai. Hanya mai sauƙi ta gane ko ana yi daidai: mai ɗiga dorzolamide da yake jin ɗaci a maƙogwaro bayan 'yan mintuna, hanyar ba ta toshu ba. A gyara wurin yatsa.

Kafin ka ɗauke yatsa, goge abin da ya malalo da tishu mai tsabta. Ga masu latanoprost, travoprost ko bimatoprost, a goge fatar da ɗan ruwa ma, domin ragowar da ke kwana a kan fata ita ke sa kewayen ido ya yi baƙi.

Wanda hannunsa yake rawa, ko wanda ba ya iya barin ido a buɗe in ya ga kwalba ta doso, ya kwanta flat a bayansa ba matashi, ya rufe ido, a ɗiga a kwarmin kusurwar ciki, sannan ya buɗe a hankali maganin ya gangara ciki. Sai dai a wanke fatar wurin tukuna. In ɗa ko jika ne zai riƙa ɗiga wa Baba ko Inna, shi ya kamata ya shiga wurin likita ya gwada a gaban ma'aikaciyar jinya, kuma a samu mutum na biyu a gidan da ya iya, saboda ranar da na farkon ya yi tafiya.

In magani biyu ne ko uku a lokaci guda, a bar aƙalla minti 5 tsakani, in ba haka ba na biyu zai wanke na farko. Mai ruwa-ruwa ake fara sawa, sai mai kauri, man shafawa na ido shi ne ƙarshe. Mai sa gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido ya cire shi tukuna, kada ya mayar sai bayan minti 15, domin sinadarin da ke hana maganin lalacewa yana maƙalewa a jikinsa. Kwalli kuma a bari sai bayan an ɗiga an jira, kuma kada a yi tarayyar maciyin kwalli da kowa.

Lokaci

Latanoprost, travoprost da bimatoprost sau ɗaya ne a rana, da dare. Latanoprost yana fara aiki bayan awa 3 zuwa 4, ya kai ƙarfinsa tsakanin awa 8 da 12, ya riƙe ido kwana guda. Wani abin mamaki game da su, in aka ɗiga sau biyu a rana ƙarfinsu raguwa yake yi, don haka mai ƙarawa don neman sauri kansa yake cuta. Timolol na ruwa yawanci sau biyu ne, safe da yamma, kuma na safen ya fi muhimmanci, domin da rana ne ido ya fi samar da ruwa. Dorzolamide da brimonidine sau biyu ko uku, gwargwadon yadda aka rubuta. Pilocarpine, wanda yanzu an rage amfani da shi, yakan kai sau huɗu.

“Sau biyu” na nufin kusan awa 12 tsakani, ba ƙarfe 8 na safe da ƙarfe 12 na rana ba. Ga mai salla, abin ya zo da sauƙi: bayan asuba da bayan magariba sun kusa cika wannan tazarar. Mai sau uku ya ɗauki asuba, azahar da lokacin kwanciya. Mai sau ɗaya, bayan isha'i. A yi alwala tukuna sannan a ɗiga.

In an manta, aka tuna bayan awa ɗaya ko biyu, a ɗiga. In lokacin na gaba ya kusa, a bar wanda ya wuce, kada a ninka. Ranar zuwa asibiti ma a ɗiga kamar kullum. Wasu suna ƙin ɗigawa wai don likita ya ga ainihin ciwon, sai awo ya fito sama, likita ya zaci maganin ne bai yi ba, ya ƙara wani mai tsada.

Kwalba ma tana ba da labari. Ta latanoprost mai 2.5ml tana da ɗigo kusan 80. Ido biyu kowane dare na kwana 28 ɗigo 56 ke nan, da ɗan rara na waɗanda suka kuskure. In ta ƙare a mako biyu, ana ɓarna. In ta kai wata biyu da rabi, ana tsallake kwanaki.

Akwai kwalaben da magani biyu ne a haɗe: Cosopt, Combigan, Xalacom, DuoTrav da Azarga duk akwai timolol a cikinsu. In likita ya mayar da kai kan ɗaya daga cikinsu, tambaye shi ƙarara wace kwalba za a ajiye. Wanda ya ci gaba da tsohon timolol ɗinsa tare da Cosopt, ninki biyu yake ɗura wa zuciyarsa. Kuma tunda sunan kamfani yana canzawa daga wannan kemis zuwa wancan, sunan da za a riƙe shi ne wanda aka rubuta da ƙananan haruffa tare da ƙarfinsa, misali timolol 0.5% ko latanoprost 0.005%. Launin murfi ba abin dogaro ba ne, domin magungunan da ke kasuwarmu daga ƙasashe daban-daban suke. Ga wanda ba ya karatu ko ba ya gani sosai, a ɗaura roba ɗaya a kwalbar dare, biyu a ta safe da yamma, yatsa ya riƙa ganewa.

Ajiya a ƙasar zafi

Yawancin waɗannan magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. Ɗakin kwano a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu ya wuce haka nesa. Latanoprost ya fi kowanne rashin jure zafi da haske: irin da aka fi sayarwa, kafin a buɗe, firji yake so, tsakanin digiri 2 da 8, a cikin kwalinsa. In ka je saye ka ga an ciro shi daga kanta cikin zafi, ka duba abin da aka rubuta a kwalin, in na firji ne ka nemi wani wurin. Bayan an buɗe yana iya zama a wuri mai sanyi da bai wuce digiri 25 ba. Kada a sa shi a wurin ƙanƙara. Wanda ya daskare an zubar da shi ke nan.

Inda babu firji, ko wutar ba ta tsayawa, a riƙa sayen kwalba ɗaya-ɗaya maimakon tara ta wata uku. A sa ta cikin kwalinta, a ƙulle cikin leda, a sa a ƙaramar roba mai murfi, a ajiye a gindin randa kan jiƙaƙƙen yashi, ko cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Wannan bai kai firji ba, amma ya fi taga da saman talabijin nesa ba kusa ba. Ruwa dai kada ya taɓa kwalbar. Ana kuma iya gaya wa likita gaskiya cewa babu firji, domin travoprost da bimatoprost ba sa buƙatarsa. Gaban mota, aljihun riga a kasuwa da kusa da murhu, duk wuraren kashe magani ne.

Ranar da aka buɗe kwalba, a rubuta kwanan wata a kwalin. Bayan kwana 28 a yar, ko da saura, sai in takardar da ke ciki ta faɗi wani wa'adin daban. Tun kafin ta ƙare da mako guda a tanadi sabuwa. Wajen saye a duba lambar NAFDAC, da ranar daina aiki, da hatimin murfi. In akwai wurin kankarewa a kwalin, a kankare a tura lambar a ga amsa. Maganin da launinsa ya canza, ko mai garai-garai da ya yi gurɓi-gurɓi, ba a ɗiga shi. A ajiye inda yara ba sa kaiwa. Yaron da ya tsotsi brimonidine ko timolol, asibiti za a nufa da shi nan take da kwalbar a hannu, ko da yana wasansa.

Abin da ake jurewa da wanda ba a jurewa

Ɗan zafi na daƙiƙu, musamman da dorzolamide, da dishi-dishi na 'yan mintuna bayan mai kauri, ba komai ba ne, a dai jira gani ya washe kafin a hau babur ko a ja mota. Dangin latanoprost suna sa ido ja a makonnin farko ba tare da ciwo ba, yawanci yana raguwa. Suna tsawaita gashin ido, suna iya sa ido ya ɗan faɗa ciki, abin da ya fi fitowa fili in ido ɗaya ake ɗiga wa. Brimonidine yana busar da baki yana kawo gyangyaɗi, direba da mai aiki da inji su lura. Pilocarpine yana tsuke kafar tsakiyar ido, ya kawo ciwon goshi da duhun gani da dare.

Wani abu da ke ruɗa mutane: brimonidine yana iya yin watanni lafiya lau, sannan ido ya fara ƙaiƙayi, ja da kumburin fata. Sai a ce afolo ce a je kemis. Jiki ne ya ƙi maganin, canji yake so, a koma asibiti cikin kwana ɗaya ko biyu.

Waɗanda ba a jira da su: numfashi yana fita da ƙara ko ƙirji ya ɗaure, jiri har da faɗuwa ko suma, bugun zuciya ya sauka ƙasa da 50 a minti tare da kasala, kumburin fuska ko leɓe, ƙuraje masu ruwa a jiki ko a baki. A nan a dakatar da maganin a tafi asibiti a ranar, da kwalbar. Mai timolol ya koyi ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunsa na minti guda, ya san adadinsa tun kafin ya fara. Kasala mai nauyi, baƙin ciki ba dalili, da raunin kusantar iyali su ma timolol yana kawo su. Maza da yawa sukan yi shiru su jefar da kwalbar. Gara a faɗa, akwai madadinsa.

Ciwon ido mai tsanani farat ɗaya, da ja, da ciwon kai, da amai, da ganin bakan gizo kewaye da fitila, alama ce ta hanyar ruwa ta rufe ruf. Wannan awoyi ake ƙirgawa, ba a kwana da shi a gida. Wanda likita ya ce masa hanyar ruwan idonsa matsattsiya ce, ya tambaya kafin ya sha maganin mura mai sa barci ko Buscopan, domin suna iya jawo hakan.

Azumi

Mutane da yawa suna ajiye magani wata guda cur, kuma jijiyar da ta lalace a watan ba ta farfaɗowa bayan salla. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta sa maganin ɗigawa na ido cikin abubuwan da ba sa karya azumi, matuƙar an guji haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. A mazhabar Malikiyya, wadda aka fi bi a ƙasar Hausa, abin lura shi ne isar ɗanɗano maƙogwaro, kuma danna kusurwar ido na minti 2 shi ne ke hana hakan. Ga mafi yawan mutane ma matsalar ba ta tasowa: mai sau ɗaya da dare yake ɗigawa, mai sau biyu ya yi da sahur da buɗa-baki. Mai sau uku ya je wurin likita tun cikin Sha'aban a duba ko za a mayar da shi kan haɗaɗɗen magani mai sau biyu. Da buɗa-baki kuma a sha ruwa kaɗan-kaɗan. Kwankwaɗar lita guda cikin 'yan mintuna tana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci.

Abin da ke rusa aikin ta bayan fage

Babban mai laifi shi ne maganin ɗigawa mai sitiroyid da ake saye a kemis ba takarda, saboda ƙaiƙayi da jan ido na lokacin hunturu. Duk kwalbar da aka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone a jikinta, ko da an haɗa da maganin ƙwayoyin cuta, tana cikinsu. Yana kwantar da ƙaiƙayi cikin kwana biyu, shi ya sa ake son sa, amma cikin 'yan makonni yana iya ɗaga matsin ido, kuma mai hawan jinin ido da 'ya'yansa sun fi kowa saurin kamuwa. Akwai yaran da suka makance ta wannan hanyar saboda ƙaiƙayin ido kawai. Ƙwayoyin sitiroyid da ake sha don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, da man bilicin mai clobetasol da ake shafawa har fatar ido, su ma suna yi. In wani likita ne ya rubuta sitiroyid don wata cuta, kada a yanke shi kai tsaye, a sanar da likitan ido ya riƙa awo.

Zuma, ruwan albasa, nonon mace, ruwan ganye ko wani gari da ake busawa a ido, babu wanda ke sauke matsi a cikinsu, kuma suna iya kawo gyambo a baƙin ido. Kwalbar wani ma ba a ara, ko da cutar iri ɗaya ce: timolol ɗin miji yana iya kai matarsa mai asma asibiti. In za a yi maka tiyata ko wace iri, a lissafa maganin ido cikin magungunan da ake faɗa wa mai sa barci.

Komawa asibiti

Bayan fara sabon magani akan sake awo cikin mako 4 zuwa 6, daga nan kuma duk bayan 'yan watanni gwargwadon nauyin cutar. A tafi da dukan kwalaben a leda, har da waɗanda wani asibitin ya bayar. A tambayi lambar awon kowane ido da lambar da likita yake son a kai, a rubuta a ɗan littafi. Lambar kaɗai ba ta isa ba. Akwai gwajin faɗin gani, wanda ake danna maɓalli in an ga haske, da duban jijiyar gani, waɗanda su ke nuna ko cutar ta tsaya. In an tsallake kwanaki saboda kuɗi ya yanke, a faɗa. Likitan da ya san gaskiya zai iya neman mai araha. Yau a ɗiga gobe a bari don kwalba ta daɗe, kusan daidai yake da rashin ɗigawa a ranakun da aka bari.

In magani biyu ko uku sun kasa sauke matsi, ko tsadar ta fi ƙarfin gida, ko babu mai ɗigawa, sai a yi maganar lesa ko tiyata tun da sauran gani, domin aikin ma tsare abin da ya rage yake yi. Wani gwaji da aka yi a Moshi ta Tanzaniya, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa bayan shekara guda lesa ta riƙe matsi a ido 61 cikin 100, timolol kuwa 31. Ba kowane asibiti ke da na'urar ba, a tambaya a manyan cibiyoyi irin Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa. A zuwa na gaba kuma a tafi da 'yan'uwan da aka haɗa uwa ko uba, da 'ya'yan da suka doshi shekara 40, a auna su su ma, domin cutar tana bin jini.